Murhun itace a ƙaramin gareji: kurakuran da neman araha ke jawowa, da gyaransu

Da zarar Oktoba ta kama a Minesota, ko Manitoba, ko arewacin Ingila, duk mai ɗan gareji da yake aikin kafinta, gyaran keke ko ɗaure kayan da zai aika gida yakan fara tunanin abin da zai ɗumama wurin. Hitar lantarki tana shan kuɗi, sai ido ya faɗa kan ƙaramin murhun ƙarfe mai cin itace, irin mai ƙofa da bututun hayaƙi, wanda ake tallarsa da farashi mai daɗin ji. 'Yan'uwanmu da ke zaune a waɗannan ƙasashe suna cikin masu wannan tunani, kuma ba laifi ba ne. Matsalar ita ce kuɗin da aka rubuta a jikin murhun wani ɓangare ne kawai na abin da za a kashe, kuma yawancin kurakuran da ake yi daga mantawa da wannan suke tasowa.

Na farkonsu shi ne a sayo murhu kafin a tambaya ko an yarda a kafa shi a wurin. Gareji ɗaki ne da fetur ke kwana. Yana cikin tankin mota, yana cikin injin yankan ciyawa, yana cikin jarkar da aka jingine a lungu, ga kuma tina da fenti. Tiririn fetur ya fi iska nauyi, don haka ƙasa yake bi, yana rarrafe a kan daɓe har ya iske wuta, kuma sanyi ba ya hana shi: ko a digiri 40 ƙasa da sifiri fetur yana fitar da tiririn da zai iya kamawa. Murhun itace kuwa daga ƙasa yake zuƙar iska, kuma ba shi da makunnin da za a kashe nan take. Shi ya sa ƙa'idar kariya daga gobara ta NFPA 211, wadda hukumomin gine-gine da kamfanonin inshora da yawa a Amurka ke aiki da ita, ta ce kai tsaye kada a kafa murhun itace a gareji. A Kanada ƙa'idar CSA B365 ta ɗan sassauta: a ɗaga wurin wutar aƙalla santimita 45, wato inci 18, daga daɓe, a kuma yi masa kariya kada mota ta buge shi. Duk da haka, mai inshora a can yakan nemi takardar mai duba murhu da ke da shaidar WETT, ƙungiyar da ke horar da irin waɗannan masu duba, kafin ya amince.

Gyaran wannan ba ya cin ko sisi. Ka kira ofishin gine-gine na garinku, ka kira kamfanin inshorarka, ka faɗa musu gaskiyar abin da kake yi a ginin, ka ce su ba ka amsa a rubuce. Idan garejin ya daina zama makwancin mota, ya koma shagon aiki da ke ware daga gida, wasu garuruwan sukan yarda. Idan kuwa dole mota ta kwana a ciki, shawarata ka haƙura da itace ɗungurungum, ka nemi hitar lantarki ko ta gas irin wadda ke jawo iskarta daga waje. Wanda ya ɓoye wa inshora ya kafa murhu, ranar da gobara ta tashi yana iya rasa ginin ya kuma rasa diyya.

Wanda ya tsallake wannan, sai ya zo kan bututu, kuma a nan ne ake tafka ɓarnar da ta fi yawa. Mutum ya biya kuɗin murhu, ya zaci ya gama, sai a lissafa masa kayan bututu ya ga sun kai kuɗin murhun ko sun ɗara. Daga nan sai ya fara dabara. Bututu iri biyu ne, kuma ba a musanya su. Akwai baƙin bututu mai ɓawo ɗaya wanda ke haɗa murhu da rufi a cikin ɗaki. Wannan yana yin zafi ƙwarai, sai an bar inci 18 tsakaninsa da duk wani abu mai kamawa. Akwai kuma mai ɓawo biyu da aka cusa wa abin tare zafi a tsakani, wanda a Amurka ake kira Class A, an gwada shi ya jure zafin da ya haura digiri 1,100 a ma'aunin Celsius. Shi kaɗai ne ake ratsa silin, bango ko rufi da shi, kuma ko shi ana bar masa inci 2 daga katako. Mai ratsa bangon katako da baƙin bututu, ko ya fitar da shi ta taga ya toshe gefen da falanki, ya ajiye wa kansa gobara. Farin bututun kwano da ake sayarwa don iskar hita shi ma ba na nan ba ne, domin zafi yana ƙona sinadarin zinki da ke jikinsa, hayaƙinsa kuma yana sa zazzaɓi.

Tsayi ma ana raina shi. Bututu shi ne ke jan wutar: hayaƙi mai zafi yana hawa, sabuwar iska tana shigowa ta ƙasa. Rufin gareji gajere ne, sai a kafa bututu mai ƙafa 8 ko 9, a yi ta mamakin yadda hayaƙi ke dawowa ɗaki duk lokacin da aka buɗe ƙofar murhu. Yawancin masu ƙera murhu suna neman ƙafa 12 zuwa 15. A saman rufi kuma ƙa'idar a bayyane take: bakin bututu ya ɗara wurin da ya ɓullo da ƙafa 3, ya kuma ɗara duk wani sashen gini da ke cikin ƙafa 10 daga gare shi da ƙafa 2. Miƙaƙƙen bututu da ya fita ta rufi ya fi ja, ya fi sauƙin shara, kuma sau da yawa ya fi araha a kan wanda ya fita ta bango ya hau ta waje yana shan sanyi. Faɗinsa ya yi daidai da bakin murhu, galibi inci 6. Wajen haɗa baƙin bututu, gefen da aka tsuke shi ke kallon ƙasa, don abin da ya narke ya gangara cikin murhu maimakon ya tsiyayo ta waje, kowace gaɓa kuma a ɗaure ta da sukuru uku.

Sai girman murhun. Da yawa suna ganin tunda bambancin kuɗin kaɗan ne, gara a ɗauki babba. Garejin mota ɗaya bai cika wuce ƙafa 12 a 20 ba, kusan murabba'in mita 22. A Ingila masu kafa murhu suna da wani lissafi mai sauƙi: a auna cikin ɗaki da mita, tsawo sau faɗi sau tsayi, a raba da 14 idan ɗakin yana riƙe ɗumi, ko da 10 idan ba ya riƙewa. Garejin nan mai tsayin mita 2.5 zai ba da 55, wato murhu mai kilowat 4 zuwa 5.5 ya wadatar. Idan ka sa mai kilowat 10, cikin awa ɗaya za ka rasa inda za ka tsaya, sai ka rufe masa iska don ya lafa. Wutar da aka shaƙe ba ta cin hayaƙinta, hayaƙin ya hau a sanyaye, idan zafinsa ya faɗi ƙasa da kusan digiri 120 sai ya daskare a cikin bututu ya zama baƙar kwalta. Wannan kwaltar ce ke kamawa wata rana, bututu ya yi ruri har rufi ya ɗauka. Ƙaramin murhu da ke ci da ƙarfi ya fi babba da ke turnuƙewa, ta fuskar ɗumi da ta fuskar lafiya.

Kafin ma a kai ga lissafin kilowat, a dubi inda ɗumin ke zurarewa. Babbar ƙofar gareji faifan ƙarfe ce siririya, ƙasanta da gefunanta duk kafofi. Sabuwar roba a gindin ƙofa, abin tare sanyi a bayanta da kuma a silin, sun fi ƙarin girman murhu amfani, kuɗinsu kuma bai kai ba.

Game da ƙarfen, ba sai an ja magana ba. Murhun faifan ƙarfe da aka yi wa walda ya fi araha, yana zafi da wuri, ya kuma huce da wuri. Na ƙarfen zubi, irin ɗan ƙaramin Jøtul 602 da aka fara yi a Norwe a 1940, yana jinkirin ɗauka amma ya daɗe yana ba da ɗumi. Mai shiga gareji awa biyu ko uku bayan ya taso aiki, na walda ya fi dacewa da shi.

Murhun gwanjo yana iya zama ciniki mai kyau, amma a nan karin maganar nan ta araha ba ta ado take da gaskiya. Abin da za ka fara nema shi ne ɗan allon ƙarfe da ke manne a bayansa, mai ɗauke da shaidar gwaji da tazarar da za a bari. Murhun da ba shi da wannan allo, har da wanda aka haɗa da duro a gida, ƙa'ida ta ce a nisanta shi inci 36 daga duk abin da ke kamawa, ta kowane gefe. Ka lissafa: ƙafa 3 daga bango, ƙafa 2 na jikin murhu, wasu 3 a gaba, a ɗakin da faɗinsa ƙafa 12 ne kacal. Ina tebur zai zauna, ina katako? Sabon ƙaramin murhu mai shaida yakan matsa kusa da bango fiye da haka sosai, kuma tun Mayun 2020 hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ba ta barin a sayar da sabo sai ƙurar hayaƙinsa ba ta wuce giram 2 zuwa 2.5 a awa ba. Wannan yana nufin yana ƙona hayaƙinsa, yana cin itace kaɗan. A Birtaniya makamanciyar dokar, Ecodesign, ta fara aiki a Janairun 2022. Idan duk da haka na hannu ka zaɓa, ka sa tocila a ciki cikin duhu ka ga ko haske na fita ta wata tsaga, ka duba ko farantin da ke saman wurin wuta ya lanƙwashe, sannan ka rufe ƙofar a kan takarda ka ja. In ta zare cikin sauƙi, igiyar da ke toshe kafar bakin ƙofa ta mutu. Ita da tubalan ciki ana sauya su da kuɗi kaɗan, amma tsagaggen jiki a bar wa mai shi.

Wasu sukan manna tayil ko faifan kwano a bango su matso da murhu, suna ganin sun kare katakon da ke baya. Zafi yana ratsa su. Katakon da ya shekara yana gasuwa a hankali yakan canza, har ya zo ya kama a zafin da a da ba zai kama ba, shi ya sa ake jin gobara a wurin da aka yi shekaru ana hura wuta lafiya. Garkuwar da ke aiki ita ce faifan ƙarfe da aka ɗaga inci 1 daga bango, sama da ƙasansa a buɗe don iska ta riƙa wucewa ta baya. Irin wannan tana iya rage inci 36 zuwa 12.

Itacen da za a ƙona shi ma wani fagen ne. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, abin da ake so kuwa kada danshinsa ya wuce kashi 20 cikin 100. A Ingila tun Mayun 2021 an hana sayar wa gidaje jiƙaƙƙen itace a ƙananan ɗaure saboda wannan. Akwai ɗan ma'aunin danshi mai tsinke biyu, ba shi da tsada: ka faskara gungume, ka soka a sabon ɓangaren da ya buɗe. Itacen oak yakan nemi shekara biyu a faskare kafin ya bushe, pine kuwa ƙasa da shekara. Wanda ya sayi murhu a Nuwamba ya sayi itace a Nuwamba, sai ya tabbatar busasshe aka kawo masa. Gareji kuma cike yake da jaraba, guntayen katako ko'ina. Wanda aka yi wa fenti, da filawud mai gam, da koren katakon da aka jiƙa da maganin gara, duk ba na murhu ba ne. Tsohon irin koren katakon nan akwai gubar arsenik a ciki, tana fita a hayaƙi ta kuma zauna a toka. Katakon ɗora kaya mai tambarin HT zafi kawai aka ba shi, mai tambarin MB kuwa magani aka turara masa, a guje shi. Baƙin mai da fetur ba a hura wuta da su, ƙirare da takarda sun isa.

Akwai abin da nake so mu da muka tashi da kaskon gawayi mu riƙe da kyau. A gida, lokacin hunturu, ana shiga ɗaki da garwashi, kuma ko a can ana rasa rayuka idan an toshe ƙofa da taga. Garejin da aka liƙe wa kowace kafa ya fi ɗakunanmu riƙe iska. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari ko launi, tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kamawa sau 200 da ɗoriya, tana farawa da ciwon kai, jiri da kasala, mutum ya ɗauka gajiya ce. Na'urar da ke yin ƙara idan ta ji wannan iskar ba ta kai kuɗin lodin itace ɗaya ba. A sa ɗaya a garejin, idan kuma garejin haɗe yake da gida a sa wata kusa da ɗakunan kwana. A bar wa murhu hanyar samun iska daga waje, kuma kada a kunna fankar zuƙe ƙura ko hayaƙi yayin da wuta ke ci ba tare da an buɗe taga ba, domin tana iya juyo da hayaƙin bututu cikin ɗaki.

Garwashi yana iya kwana uku a raye a cikin toka, don haka a kwashe ta a bokitin ƙarfe mai murfi, a ajiye a waje kan siminti, nesa da bango da tarin itace. Bututu kuma a share shi aƙalla sau ɗaya a shekara. A sanyin farko a riƙa leƙa shi kowane wata, idan kaurin baƙin da ya taru ya kai milimita 3 a sa buroshi kafin a sake hura wuta.