Kaftun lambu a lokacin sanyin Turai: abin da ɗan Kano zai sani

Wanda ya saba da lambunan bakin Jakara ko fangalan Kadawa ya san hunturu a matsayin lokacin aiki: ƙasa ta bushe ta yi tauri, a ba ta ruwa da yamma, da safe a sa fartanya. A Ingila da Jamus abin ya sha bamban. Daga Disamba zuwa Fabrairu galibi ƙasa a jiƙe take sharkaf, ko kuma ta daskare, kuma duk biyun ba a taɓa su.

Kafin ka ɗauki shebur, damƙi ƙasa cikin tafin hannu ka matse. In ta dunƙule tana sheƙi kamar yumɓun maginan tukwane, ko tana manne wa takalmi, koma gida. Taka jiƙaƙƙiyar laka yana matse iskar da ke cikinta, sai ta bushe kamar bulo, saiwa ta kasa ratsawa har bazara. In kuma saman ya daskare ka juya shi, ka binne sanyin ke nan a ciki, ƙasar za ta makara wajen ɗumi, iri ya ruɓe bai tsiro ba.

Ƙasar laka ana kafce ta ne a Oktoba ko Nuwamba. Zurfin bakin shebur ɗaya ya isa, wajen santimita 25. Haƙa rami a tsaye daga gefe guda, kwashe ƙasarsa zuwa ƙarshen filin don cike ramin ƙarshe, sannan ka riƙa juya ta layi na gaba cikin ramin da ya gabata, kana ja da baya kana tsaye a kan falanki. Abin da ke ba mutanenmu wuya shi ne barin hoguna yadda suke, domin hannu ya saba da farfasa su nan take. Bar su. Ruwa in ya zama ƙanƙara yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, shi zai tsattsage hogen daga ciki, zuwa Maris manjagara kaɗai za ka ja ya zama gari. Ƙasa mai rairayi irin jigawa kuwa a bar ta sai bazara, ruwan saman lokacin sanyi yana wanke mata taki.

Takin doki ko na shanu ya zama wanda ya ruɓe ya yi baƙi, bokiti ɗaya a kowace murabba'in mita. Ɗanye yana ƙona tsiro. Ciyayi masu farar saiwa mai yaɗo, irin halin kiri-kiri, a tsince su da shebur mai yatsu. Duk guntun da ka datse sabuwar ciyawa ce. In ranakun sun ƙure maka, shimfiɗa kwali, ka zuba taki kaurin santimita 5 a kai, tana, tsutsar ƙasa, za ta yi sauran aikin.

A Landan rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 a Disamba, don haka a fita da hantsi, da safar hannu da rambut, a yi rabin awa a huta saboda baya. Mazauna Kanada da arewacin Amurka kuwa su ajiye shebur har Afrilu, a wurare da yawa can ƙasa na daskarewa zurfin sama da mita ɗaya, ko diga ba ta shiga. A Amurka ana kiran lambar 811 kafin haƙa, a zo a nuna inda bututun gas da wayoyi suka bi.

Tafarnuwa ce ke son a binne ta a Nuwamba. Tumatir, kuɓewa da yakuwa sai ƙarshen Mayu su fita waje.