Yadda za ka yi hayar mota a Abuja, kuɗin gyara bai karya ka ba

Da farko, ji farashin kwana ɗaya a kamfani biyu ko uku, a Wuse ko Garki.

Sai ka ce a nuna maka takardar inshora, don a nan mutane ke faɗawa rami. Inshorar dole, wadda NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 ga motocin gida a Janairun 2023, motar wanda ka buga take gyarawa, har zuwa naira miliyan 3. Ba ruwanta da wadda ke hannunka. Cikakkiyar inshora ce ke ɗaukar wannan, ita ma akwai kason da za ka fitar daga aljihunka kafin ta biya sauran. A rubuta maka adadin cikin yarjejeniya, maganar baki ba ta da shaida.

In kason ya yi nauyi, tambayi ko akwai ɗan ƙarin kuɗin kullum da zai rage shi. Ko ka ɗauki motar da direbansu. Ni dai na fi son hakan, muddin an rubuta cewa ɓarnar da ya yi tasu ce.

Kafin ka karɓi makulli, ɗauki bidiyon gilasai, tayoyi, fitilu da ma'aunin mai a gabansu. Ranar mayarwa ka sake ɗauka, sannan ka nemi kuɗin ajiyarka, in ka ba su jingina lokacin ɗaukar motar.