Inda ɗaliban aikin jarida ke tuntuɓe wajen nazarin labari da hoto

Duk lokacin da na zauna gyaran takardun ɗalibai a nan Damagaram, kuskure ɗaya ne ke fara tarbata. An ba yaro rahoton rediyo kan ƙarancin ruwa a unguwar Birni ko Garin Malam, an ce ya yi nazarinsa, sai ya cika shafi biyu yana sake ba ni labarin: famfo ya ƙafe, mata sun yi layi da jarkoki, ƴan ga-ruwa sun ƙara kuɗi. To ai ni ma na ji rahoton. Abin da nake nema shi ne yadda aka gina shi. Muryar wa aka fara sakawa, ta uwar da ta kwana bakin famfo ko ta jami'i? Daƙiƙa nawa aka ba kowanensu? Ƙarar jarkoki da ake ji a baya, ɗan rahoton ne ya zaɓi ya bar ta, kuma ita ce ta kai mai sauraro wurin. Bayan kowace jimla da ka rubuta, ka tambayi kanka: abin da aka faɗa na kawo, ko yadda aka faɗe shi?

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne raina Hausa. Ɗalibi zai yi awa yana tsefe kanun jaridar Le Sahel da Faransanci, amma da an zo labarun Hausa sai ya ɗauke su fassara kawai, ya wuce. Alhali tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, kuma da ita yawancin mutanenmu ke jin labari. Duba waɗannan biyu: "An ƙara kuɗin haraji" da "Hukuma ta ƙara kuɗin haraji". Wannan ɗan "an" yana ɓoye wanda ya yi aikin. Duba "wai" kuma. In mai karanta labaru ya ce "wai za a gyara hanyar", ya riga ya janye jikinsa daga maganar, har ya jefa wa mai sauraro kokwanto. "Ɓarawo" daban yake da "wanda ake zargi da sata", domin na farkon ya yanke hukunci tun ba a je gaban alƙali ba, kuma wajen juya labari daga Faransanci ne kalmar zargin ke yawan faɗuwa a hanya. Haka "ƴan bindiga", "ƴan ta'adda" da "masu tada ƙayar baya": kowace da irin hoton da take zanawa a zuciya. Ka ɗauki labari ɗaya, ka ajiye na Faransanci gefen na Hausa, ka ja layi ƙarƙashin duk abin da ya ƙaru ko ya ɓace. A nan za ka sami abin rubutawa na gaske.

A hoto, matsalar ita ce gaggawa. Ɗalibi ya ga hoton hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, nan take ya rubuta "yana nuna daraja". Daga ina darajar ta fito? Roland Barthes, masanin Faransa, a nazarin da ya yi wa tallar taliyar Panzani a 1964, ya raba abin da ido ke gani da ma'anar da al'ada ke ɗora masa. Ka fara da na ido: doki, rawani, laima, dogarai cikin ja da kore, kamara tana ƙasa tana kallon sama. Sannan ka nuna cewa tsayuwar kamarar ce ta ƙara wa mahayin girma. Da daga saman soro aka ɗauka, taron jama'a ne zai cika hoton.

Akwai masu ganin fim na gaskiya, wato wanda ba wasan kwaikwayo ba, kamar taga ce da aka buɗe. Fim ɗin "Zinder" na Aicha Macky, ƴar garin nan, wanda ya fito a 2021, ya bi rayuwar matasan unguwar Kara-Kara. Da aka yi maganarsa, ɗalibaina sun rabu biyu, wasu na cewa ya ɓata sunan gari, wasu na cewa gaskiya ce tsirara. Kowane ɓangare ra'ayinsa ya ba ni, ba wanda ya kawo hujja. Ka zaɓi fage ɗaya na minti biyu, ka ƙirga sau nawa aka yanke hoto, ina aka matso da kamara kusa da fuska, ina aka yi shiru. Daga nan ra'ayinka zai sami ƙafar tsayawa.

Kada kuma ka manta da mai gidan rediyon da mai sauraro. Muryar Sahel ta gwamnati ce, Anfani mai zaman kanta ce, Studio Kalangou da ya fara a 2016 yana aika shirye-shiryensa ta gidajen rediyon abokan hulɗa. Layi biyu sun isa a faɗi wannan a farkon nazari, amma dole a faɗe shi.

Saƙon murya na WhatsApp shi ma abin nazari ne, ko da yake da wuya ɗalibi ya kawo shi da kansa. Ka ɗauki ɗaya cikin waɗanda ke yawo a fada, wato majalisar matasa, lokacin shayi, ka rubuta shi kalma bayan kalma. Ka lura da sallamar da aka buɗe da ita, da rantsuwar da ta maye gurbin hujja, da rashin suna, rana da wuri, da kuma roƙon nan na ƙarshe: "Don Allah a tura wa ƴan'uwa."