Yadda ake gina kundin digiri na biyu a sashen falsafa

Kundin falsafa hujja ce guda ɗaya da aka gina, aka kuma kare ta. Ɗalibin da ya cika shafi ɗari da "Aflatun ya ce, Aristo ya ce" ya yi aikin ɗan aike ne kawai, kuma ranar kare kundi za a tambaye shi: to, kai me ka ce?

Fara da matse maudu'i har ya koma tambaya mai amsar e ko a'a. "Falsafar Imam Gazali" teku ce, babu mai ƙetare ta cikin shekara biyu. Amma a littafinsa Tahafutul Falasifa akwai mas'aloli 20, ta 17 kuwa kan sababi take, wato yadda wani abu ke haddasa wani: Gazali ya ce haɗuwar wuta da auduga ba ta tilasta ƙonewa. Masanin falsafa Ibn Rushd ya mayar masa da martani. Tambayarka sai ta zama: shin martanin ya rushe hujjar? Wannan kam za ka iya gama ta.

Daga nan sai aikin da ya fi kowanne cin rai, wato feɗe hujjar. Karanta matanin sau uku: na farko ba alƙalami, na biyu kana sa alama duk inda marubucin ya ce "saboda" ko "don haka", na uku kana kwashe hujjar zuwa takarda ɗaya. Jera muƙaddimomi, wato maganganun da aka gina hujjar a kansu, da lamba, uku zuwa shida, natija, wato sakamakon da suka kai gare shi, a ƙasa. Wanda ya karanta manɗiƙi, wato ilimin tsara hujja, a zaure ya san wannan tsari, sunaye ne kawai suka bambanta. Tambaya biyu za ka yi wa takardar. In an yarda da muƙaddimomin, natijar ta zama dole? Su kansu muƙaddimomin gaskiya ne? Sau da yawa za ka tarar akwai muƙaddimar da marubucin bai furta ba, ya ɗauka kowa ya yarda da ita. Nan ne wurin haƙa. Sai dai ka rubuta hujjar abokin hamayya da ƙarfinta, yadda shi da kansa zai sa hannu a kai. Kayar da hujjar da ka raunana da gangan ba nasara ba ce, kuma mai jarrabawa daga waje zai gane tun daga shafin farko.

Misali ɗaya mai kyau ya fi ambato ashirin. A 1963 Edmund Gettier ya buga maƙala mai shafi uku a mujallar Analysis, ya nuna mutum na iya yin imani da abu na gaskiya, da dalili a hannunsa, amma ba a ce ya sani ba. Ga irin lamarin: agogon bango ya tsaya ƙarfe biyu tun jiya, ka ɗaga kai yau daidai ƙarfe biyu. Ka dace, amma ka sani? Mai jin Hausa yana da kayan aiki a nan, domin "sani", "zato", "tsammani" da "yaƙini" ba abu ɗaya ba ne. Barry Hallen da Olubi Sodipo sun yi irin wannan nazari kan kalmomin Yarabanci a 1986.

Kada ka raba takardun tambayoyi don warware mas'alar falsafa. Ko mutum 300 sun ce ƙarya laifi ce, abin da ka gano ra'ayinsu ne, ba dalilin laifin ba.

Wajen ambato, tsofaffin littattafai suna da lambobinsu da ba sa canzawa daga fassara zuwa fassara. Aflatun ana bin lambobin bugun Stephanus na 1578, kamar 514a. Aristo ana bin na Bekker na 1831, kamar 1094a1. Babban littafin Kant, masanin falsafa Bajamushe, kan hankali ana sa A ga bugun 1781, B ga na 1787. In ka ba da shafin fassarar da ke hannunka kaɗai, malamin da ke riƙe da wata fassarar ba zai sami wurin ba. Don neman maƙalu, PhilPapers da Stanford Encyclopedia of Philosophy kyauta suke a intanet. Yi amfani da su su kai ka ga asali, kada su maye gurbinsa.

Rubuta babin hujjarka da farko, gabatarwa a ƙarshe, don ba ka san me za ka gabatar ba sai ka gama. Ware babi guda ga suka mafi ƙarfi da za a yi maka, tare da amsarka. Kai wa malamin da ke duba aikinka babi ɗaya-ɗaya, da takardar muƙaddimomin nan a sama, ka ba shi aƙalla mako biyu. Kafin ranar kare kundi, zaunar da abokin karatu ya kai hari kan muƙaddimar da ka fi jin tsoro, ka amsa da baki cikin minti biyu, ba tare da duba takarda ba.