Yadda Mai Gida Zai Raba Wa 'Yan Haya Kuɗin Wutar Sola

Mai gidan haya a Katsina da ya kafa sola domin 'yan haya su riƙa samun haske a lokacin da wutar kamfanin lantarki na KEDCO ta ɗauke, ya kamata ya tsara maganar kuɗi tun kafin ya haɗa waya ta farko, kuma ya rubuta ta a takardar yarjejeniyar haya a gaban shaidu.

Raba kuɗi daidai wa daida zalunci ne, domin dutsen guga yana cin kusan wat 1000, ƙwan fitila na LED kuwa kusan wat 10 kawai yake ci. Ɗalibin da ke cajin waya bai dace ya biya irin kuɗin mai firji ba. Don haka a sa wa kowane ɗaki ƙaramar mita, a karanta ta a ƙarshen wata a gaban mai ɗakin, a rubuta lambar a littafi guda.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne batir. Rana kyauta ce, amma batir yana tsufa, kuma na lithium ya fi na ruwa daɗewa. A raba kuɗin sayensa da yawan watannin da ake sa ran zai yi, a ƙara ladan mai gyara da na mai goge farantan sola, musamman a lokacin hunturu da ƙura ke rufe su har wutar ta ragu. Jimillar nan ita za a raba bisa abin da mitar kowa ta nuna. A ware wannan kuɗi daban da kuɗin haya, a ba kowa rasit.