Yadda Ake Gano Sigar Babbar Manhajar Kwamfuta Ta Hanyar Rubuta Umarni

Duk wanda zai saka sabuwar manhaja, ko zai nemi taimakon masani kan wata matsala, yana bukatar sanin sigar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutarsa. Rubuta umarni ya fi bin maɓallai sauri, kuma sau da yawa shi ne kaɗai mafita ga mai aiki da saba (kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima) da ke nesa, wadda ba ta nuna komai sai rubutu.

A kan Linux, a buɗe Terminal, wato tagar rubuta umarni, a rubuta `cat /etc/os-release`, sannan a danna Enter. Layin PRETTY_NAME zai nuna cikakken suna, VERSION_ID kuma zai nuna lambar kaɗai. Idan Ubuntu ce, wato ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, lambar tana ɗauke da lokacin fitowarta, domin 22.04 na nufin watan Afrilu na shekarar 2022. Akwai kuma `lsb_release -a`, amma na fi ba da shawarar umarnin farko, saboda ba a kowace na'ura ake tarar da na biyun ba.

Inda ya kamata a yi hattara shi ne `uname -r`. Mutane da dama suna ɗaukar amsarsa a matsayin sigar manhajarsu, alhali lambar kanel yake bayarwa, wato ɓangaren da ke hulɗa kai tsaye da kayan cikin na'ura. Kwamfutoci biyu za su iya zama da kanel iri ɗaya, ɗaya tana kan nau'in Linux na Debian, ɗayar tana kan na Fedora, don haka wannan lambar ta fi amfani wajen binciken matsalar direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa kayan na'ura.

A kan Windows, a buɗe tagar umarni ta Command Prompt a rubuta `ver`. Nan ma akwai abin lura, domin Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana nuna 10.0 a farkon lambarta, kamar Windows 10. Kashi na uku na lambar shi ke raba gardama: a kan kwamfutar da ba saba ba, idan ya kai 22000 ko ya haura, Windows 11 ce. Wanda yake son ganin sunan a rubuce sai ya yi amfani da `systeminfo`, ko da yake yakan ɗan jinkirta kafin ya kawo amsa.

Masu macOS kuwa `sw_vers` ya ishe su, kuma `sw_vers -productVersion` zai fitar da lambar ita kaɗai. Idan suka gwada `uname -r`, lambar Darwin, wato tushen da aka gina macOS a kai, za su gani, wadda ke farawa da 23 a kan macOS 14.