Babi na Shida: Matafiyi da Halittun da Yake Tararwa a Hanya

An rubuta wannan babi ne domin waɗanda neman abinci ko zumunci yake raba su da gida, kamar mai bin kasuwannin ƙauye, da ɗan ci-rani, da mai zuwa ƙwadago a gonakin Taraba da Binuwai lokacin girbi, da uwar da za ta taka daga bakin titi zuwa ƙauyen da aka yi mata haihuwa. Ƙasarmu ƙasar zafi ce mai damina, kuma duk inda ciyawa da ruwa da zafi suka haɗu, akwai halittun Allah da suka riga mu zama a wurin. Ku sa yatsa a ƙarƙashin kowane layi, ku karanta a hankali da murya, kuma wanda wata kalma ta shige masa duhu ya tsayar da malami ya tambaya, domin babu wanda ya shigo ajin yaƙi da jahilci don ya riga ya sani.

Darasi na 1: Abin da ake riƙewa kafin a tashi

Duk wanda zai yi tafiyar ƙasa, ko zai kwana a inda bai sani ba, ya riƙe tocila mai batir, da takalmi mai rufe ƙafa har idon sawu, da sanda, da sabulu, da gidan sauro. Silifa ba takalmin daji ba ne. Idan dare ya yi, a haska ƙasa kafin a ɗora ƙafa, ko da kuwa fitsari kawai za a zagaya yi a bayan ɗaki. Idan a ƙasa za a kwana, a ɗaura gidan sauro, a cusa bakinsa a ƙarƙashin tabarma ta kowane gefe, domin yana tare sauro kuma yana tare abin da yake jan ciki. Da safe a kife takalmi a kakkaɓe shi kafin a zura ƙafa. Da an sauka a garin baƙunci, a tambayi mutanen gari sunan asibiti mafi kusa da yake da allurar dafin maciji, a rubuta sunan a takarda, a sa a aljihu. Wannan yana daga cikin amfanin rubutun da kuke koya.

Darasi na 2: Saran maciji

Macizai masu dafi uku ne matafiyi ya fi haɗuwa da su a ƙasashenmu. Na farko kububuwa, wadda ita ce ta fi kashe mutane a arewacin Najeriya, musamman a yankunan Gombe da Taraba da Filato da Bauchi. Gajera ce, launinta launin ƙasa da ɗigo-ɗigo, ta fi yawo da dare da bayan an ɗauke ruwa, kuma tana son ƙarƙashin damin dawa da tarin itace da duwatsu. Idan aka matse ta sai ta naɗe, ta riƙa goga jikinta, a ji wani sauti kamar an yayyafa ruwa a kasko mai zafi. Na biyu kasa, mai kauri da nauyin jiki, wadda take kwanciya a kan turba ba ta gudu. Na uku gamsheƙa, baƙa mai fasa kai, wadda take tofa dafi a ido. Wanda ta tofa wa, a wanke idon nan take da ruwa mai yawa, a yi ta zubawa, kada a murza, sa'an nan a tafi asibiti.

Wanda ya ga maciji a hanya ya tsaya, ya ja da baya a hankali, ya ba shi wuri ya wuce. Kada a zura hannu a rami ko a suri, kuma kada a ɗauki maciji don an ce ya mutu, domin kan da aka sare yana iya yin sara.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci a wannan babi. Idan maciji ya sari abokin tafiyarka, ka janye shi daga wurin, ka zaunar da shi ko ka kwantar da shi, ka kwantar masa da hankali, domin gudu da firgita suna sa jini ya yi sauri, dafin ya bazu. Ka cire masa zobe da agogo da awarwaro da kambu da takalmi, da duk wani abin da ya zagaye gaɓar da aka sara, saboda wurin zai kumbura. Daga nan ka samo sanda miƙaƙƙiya ka jera ta da ƙafar ko hannun, ka naɗe da ƙyalle sako-sako don gaɓar ta daina motsi, yadda ake yi wa mai karaya. Sai a ɗauke shi, kada ya taka da kansa in da hali, a ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu ko a mota, a nufi asibiti kai tsaye.

Kada a ɗaure. Kada a tsaga. Kada a tsotsa.

Ku sake karanta waɗannan jimloli uku da murya, sa'an nan ku rufe littafi ku faɗe su da ka. Wanda ya rikice ya buɗe ya sake, babu laifi, kowa da haka ya fara.

Dalilin hana ɗauri shi ne, idan aka tamke ƙafa da igiya ko robar tayar keke, jini yakan daina kaiwa ƙasa, naman wurin ya fara mutuwa, har a kai ga yanke ƙafar da allura kaɗai za ta iya cetowa. Dalilin hana tsagawa kuwa, dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, saboda haka duk inda aka sa aska, jini zai yi ta zuba ba tsayawa. Tsotsa ba ta fitar da dafin da ya riga ya shiga nama, sai dai ta kai ƙazanta cikin ciwon. Haka nan baƙin dutsen da ake mannawa, da fetur, da toka, da garin magani, babu ɗayansu da yake kashe dafi. Idan zafi ya yi yawa a ba shi farasitamol kawai, kada a ba shi asfirin, domin tana ƙara zubar jini.

Darasi na 3: Bambancin naɗi da ɗauri

A nan ne mafi yawan ɗalibai suke tuntuɓe, shi ya sa na ware masa darasi guda. Na ce a naɗe ƙafa da sanda, na kuma ce kada a ɗaure, sai wasu su ga kamar maganar ta ci karo. Ba ta ci karo ba. Naɗi domin hana motsi ne, kuma ana yin sa sako-sako. Ɗauri domin tsayar da jini ne, kuma shi ne aka hana. Yadda za ka gane ka yi daidai shi ne ka zura yatsanka tsakanin ƙyallen da fata. Idan yatsa ya shiga ba da wahala ba, ka yi daidai. Idan bai shiga ba, ka kwance ka sake. Ka dubi yatsun ƙafar majinyacin kuma: idan sun yi sanyi ko sun canza launi, naɗin ya yi tsauri, ka sassauta.

Kowane mutum biyu su gwada wannan a aji yanzu, maza da maza, mata da mata. Ɗaya ya kwanta a tabarma, ɗaya ya naɗa, malami ya zagaya ya zura yatsa ya gani.

Abin da nake gani a wajen wannan gwaji shi ne, dattijo zai karanta jimlar nan daidai, ya maimaita ta da ka ba kuskure, amma da an ce masa ga ɗanka maciji ya sare shi, sai hannunsa ya kai ga rawaninsa, ya warware, ya tamke ƙafar a ƙasan gwiwa, har yana cije leɓe yana ja da iya ƙarfinsa. Na san ƙauna ce ta sa shi, kuma na san abin da ya tashi ya ga iyayensa suna yi ke nan. To amma iyayena da yayyena, ina roƙonku ku saurara: wannan rawani zai iya raba yaron da ƙafarsa. Ba mu taru a nan don mu haddace magana mu bar ta a kan allo ba. Wanda ya san har yanzu hannunsa yana kai wa ga igiya, ya sake gwajin gobe, ya sake jibi, har hannun ya saba. Kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotsa. Idan kuwa kun tarar wasu sun riga sun tamke ƙafar tun da daɗewa, kada ku tsaya gardama a hanya, ku hanzarta zuwa asibiti ku gaya wa ma'aikata lokacin da aka ɗaura, su ne za su san yadda za su kwance.

Kuskure na biyu shi ne jira. Wanda kububuwa ta sara yakan ji kamar ya samu sauƙi a ranar farko, sai a ce ai maganin gida ya yi aiki, a zauna. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai jini ya fara fitowa ta dasashi, ko ta hanci, ko a cikin fitsari, ko daga tsohon miki, a lokacin kuma aiki ya riga ya yi nisa. Wannan sakaci ne, kuma ba zan kira shi da wani suna ba. A asibiti akwai gwaji mai sauƙi: za a ɗebi jini kaɗan a zuba a ƙaramar kwalba, a ajiye minti 20, idan bai daskare ba an san dafi ya shiga jiki, sai a sa allura. Akwai asibitin masu saran maciji a Kaltungo ta jihar Gombe, akwai kuma cibiyar da ta shahara da wannan aiki a Zamko kusa da Langtang a jihar Filato. Ba sai an kai macijin ba, kuma kada wani ya shiga ciyawa nemansa a samu majinyaci na biyu. A lura da ƙarfe nawa aka yi saran, a faɗa wa likita. Addu'a ana yin ta a kan hanya, babur yana tafiya.

Ku rubuta a littafinku sau biyar: Ba a ɗaurewa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, asibiti ake zuwa.

Darasi na 4: Cizon kare da biri

Baƙo shi kare ya fi yi wa haushi. Kada a gudu, a tsaya, a ja da baya sannu. Idan kare ko biri ko kyanwa ya yi cizo ko yakushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana har tsawon minti 15. A duba agogo, domin minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo, kuma yawancin mutane minti ɗaya suke yi su tashi. Bayan wanki a tafi asibiti a ranar don allurar rigakafin haukan kare, a kuma cika adadin alluran da aka rubuta. Wannan ciwo idan alamunsa suka bayyana, da wuya a tashi. A nan ma ba a ɗaurewa.

Darasi na 5: Bakin kogi

A wurare irin su madatsar Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola, da yankin Yawuri a bakin kogin Neja, akwai dorina. Da rana tana cikin ruwa, da dare take fitowa kiwo, kuma tana da gudu fiye da yadda jikinta ya nuna. Kada a tsaya tsakaninta da ruwa, kada kuma mai kwalekwale ya matsa kusa da mai ɗa. Kafin a yi wanka ko alwala a kogin da ba a sani ba, a tambayi masunta ko akwai kada. A guji shiga kududdufi da ruwan da ba ya gudu, domin nan ake ɗaukar tsargiya. Idan rafi ya kawo bayan ruwan sama, a jira ya janye kafin a ƙetare, kuma kada a shiga jirgin da aka cika fiye da kima ko jirgin dare.

Darasi na 6: Gandun daji

Wanda ya samu zuwa Yankari a jihar Bauchi, wadda aka buɗe wa masu ziyara a 1962, zai iya ganin giwaye da ɓauna da gadu. Ana shiga dajin ne da ɗan jagora, kuma ba a sauka daga mota sai ya ba da izini. Birai manya suna yawo a kusa da masauki da maɓuɓɓugar Wikki, suna fizgar leda daga hannu. Kada a ba su abinci, a rufe ƙofa da taga, kuma abin da suka ƙwace a bar musu.

Darasi na 7: Kunama, zuma da tsawa

Idan kunama ta harbi ƙaramin yaro a kai shi asibiti. Idan ƙudan zuma suka taso, a rufe fuska a bar wurin da sauri, kuma wanda numfashinsa ya sarƙe ko fuskarsa ta kumbura a gaggauta kai shi wurin likita. Idan ana walƙiya da tsawa kada a fake a gindin bishiyar da take tsaye ita kaɗai a fili.

Aikin gida: kowa ya zo aji na gaba da sanda da ƙyalle, da sunan asibitin da ya fi kusa da garinsa a rubuce da hannunsa.